Korar Sojan Ruwa Kan Ɓoye Shan Ƙwaya da Hanyoyin Sake Duba Hukuncin

Shiga aikin soja da yaudara laifi ne mai zaman kansa a dokar soja ta Najeriya da ta ƙasashe da dama. Ana cewa mutum ya aikata shi idan aka ɗauke shi aiki bisa ƙaryar da ya shirga da gangan, ko bisa ɓoye wani abu da aka tambaye shi, alhali ya san da ya faɗa da ba a ɗauke shi ba. Abubuwan da aka fi ɓoyewa sanannu ne: shekarun haihuwa, takardar makaranta ta jabu, aure, wata cuta da ke jiki, tsohon hukuncin kotu, kora daga wata rundunar, sai kuma shaye-shaye. Na ƙarshen nan ya fi sauran wuyar sha'ani domin ba shi da takarda. Sakamakon jarrabawa ana iya tambayar WAEC ko NECO, shekarun haihuwa ana iya bin diddiginsu a rajista, amma wiwin da saurayi ya sha shekara biyu da suka wuce babu inda aka rubuta shi. Ba ya fitowa sai ta bakin mai shi, ko ta bakin wanda ya san shi, ko kuma, idan bai daina ba, fitsarinsa ya tona shi.

Laifi biyu ne a nan, kuma jama'a sukan cakuɗa su. Akwai shan ƙwaya bayan mutum ya zama soja, wanda Dokar Rundunonin Soja ta haramta kai tsaye. Akwai kuma ƙarya a lokacin ɗaukar aiki game da shan da aka yi tun ana farar hula. A na biyun ba shan ake hukuntawa ba, domin lokacin da aka yi shi dokar soja ba ta hau kan mutumin ba tukuna. Abin da ake hukuntawa shi ne amsar ƙarya da aka gina yarjejeniyar aikin a kanta. Lamarin ya yi kama da cinikin sa a kara: idan mai sayarwa ya san aibin dabbarsa ya rufe, ranar da aibin ya bayyana mai saye yana da ikon warware ciniki, ko da san yana ta huɗa gona lafiya lau.

Daga Ƙofar Kaura zuwa Onne

An kafa rundunar sojojin ruwan Najeriya a 1956, kuma tana ɗaukar kurata daga kowace jiha bisa tsarin rabon gurabe na tarayya. Saboda haka ɗan Katsina da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Zoɓe ko na Jibiya faɗi ba yana da gurbinsa daidai da ɗan Bayelsa. Rundunar ma ta matso Arewa: tana da sansani a Lakwaja, da wani a Baga a gaɓar Tafkin Chadi, da kwalejin koyon aikin samar da kayayyaki a jihar Kano. Ƙananan sojoji kuwa ana horar da su ne a makarantar horon farko da ke Onne a jihar Ribas, kusa da Fatakwal, tsawon wata shida ko kusa da haka.

Neman aikin ta intanet ake yi, kuma kyauta ne. Duk sa'ad da aka buɗe shafin, shagunan kwamfuta na cikin garin Katsina, irin waɗanda ke kewayen Ƙofar Kaura, sukan cika da samari riƙe da fayil. Ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin 34 da jihar ke da su. Bayan an cike, sai a buga wasu takardu da za a je da su wurin tantancewa: ta amincewar iyaye, ta shaidar ƙaramar hukuma, ta shaidar 'yan sanda, ta mai tsaya wa mutum, da wadda mai neman aikin zai sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne.

A wannan matakin ne matsala take fara ƙulluwa ba tare da kowa ya lura ba. Sau da yawa ba mai neman aikin ne ke danna kwamfutar ba. Yaron shago ne, layi ya yi masa yawa, ya cike irin fom ɗin sau ba adadi, ya riga ya san amsar da ke wucewa da wadda ke hana wucewa. Shi kuma saurayin Turancinsa bai kai ya karanta kowane layi ba, ko kuma ɗoki bai bar shi ya tsaya ba. Doka ba ta san yaron shago ba. Hannun da aka sa a ƙasan takarda shi take kallo. Daga nan sai jarrabawa, sai tantance takardu, sai gwajin ƙarfi da na lafiya inda ake ɗibar jini da fitsari kuma likita yake tambayar tarihin jiki. Duk inda tambayar shaye-shaye ta faɗo, a takarda ne ko a gaban likita ko a gaban hafsan da ke karɓar rantsuwar kama aiki, amsar da aka bayar tana shiga fayil, fayil ɗin kuma zai bi mutum har ranar da ya ajiye kaki.

Dalilin tsananin da ake yi

Yawan samarin da wannan tambaya ta shafa ba kaɗan ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100, wajen mutum miliyan 3. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton binciken BBC da ya nuna yadda ake safararsa, har a Kano.

Tiramol yana da tasa matsalar dabam. Da yawa daga masu shan sa ba sa lissafa kansu cikin 'yan ƙwaya. Lebura ne, ko ɗan acaba, ko mai noman haya, ya saya a kemis ko wajen mai tallan magani don ya jure aikin yini. Idan aka tambaye shi ko ya taɓa shan miyagun ƙwayoyi zai ce a'a da zuciya ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shari'a, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ita kuwa rundunar tana da hujjarta. Jirgin yaƙi wuri ne matsattse, cike da mai da albarusai, mutane suna karɓa-karɓar gadi dare da rana, kuma ran kowa yana hannun wanda ke kan aiki a wannan sa'a. Haka abin yake a ƙananan jiragen da ke sintiri a ƙoramun Neja Delta suna farautar ɓarayin ɗanyen mai. Ga kuma wani lissafin: wanda ya kamu da ƙwaya yana da sauƙin saye, wanda kuma yake ɗauke da sirrin da zai iya raba shi da aikinsa yana da sauƙin tsoratarwa. A Amurka tsananin ya samo asali ne daga wani hatsari. Ranar 26 ga Mayu 1981 wani jirgin sama ya faɗo a kan katafaren jirgin ruwan yaƙi mai suna Nimitz, mutum 14 suka mutu, aka kuma samu alamar wiwi a jikin wasu daga cikin ma'aikatan da suka rasu. Ba a tabbatar cewa wiwin ne ya jawo hatsarin ba, amma daga nan ne gwajin fitsari na ba-zata ya zama ƙa'ida a rundunar.

Abin da fitsari ke faɗa da abin da ba ya faɗa

Gwajin fitsari ba ya ba da tarihin rayuwa. Kodin da tiramol sukan ɓace cikin 'yan kwanaki. Wiwi yakan jima domin sinadarinsa yana maƙalewa a kitsen jiki: mai sha jefi-jefi yakan tsarkaka cikin kwanaki kaɗan, mai sha kullum kuwa ana iya ganin alamarsa har wata guda. Gashi yana riƙe alama wajen wata uku, sai dai gwajinsa yana da tsada. Ke nan idan gwaji ya kama kurtu a makon farko na horo, abin da ya nuna shi ne ya sha kwanan nan, watakila a walimar bankwana da abokai suka yi masa. Bai nuna tun yaushe yake sha ba. Sauran labarin daga bakinsa ake samu, a lokacin da aka zaunar da shi ana tambaya, kuma galibi wannan bayanin da ya rubuta da hannunsa shi ne babbar shaidar da ake kafa hukunci a kanta.

Gwajin kansa hawa biyu ne. Na farko shi ne na gaggawa, wanda ake tsoma ɗan tsinke a fitsari a ga sakamako cikin mintoci. Yana da sauƙi da araha, amma yana iya kuskure. An san cewa maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan sa ya nuna alamar dangin kodin, wani maganin cutar ƙanjamau mai suna efavirenz kuma yakan sa wasu nau'o'insa su nuna wiwi. Hawa na biyu shi ne na tabbatarwa a babban ɗakin bincike, inda na'ura ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Masana sun yi ittifaƙi cewa sakamakon hawa na farko zato ne har sai na biyu ya tabbatar da shi. Hukuncin da aka gina kan tsinke kaɗai yana da rauni, haka ma wanda ba a iya nuna hannuwan da kwalbar fitsarin ta bi ba daga mai ita zuwa ɗakin gwaji. A Najeriya hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke kan gaba wajen irin wannan gwaji, kuma tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021 take ta kira da a wajabta shi ga masu neman aikin gwamnati da na tsaro.

Yadda ake raba mutum da aikin

Dokar da ke tafiyar da sojojin ƙasa da na ruwa da na sama guda ce. An kafa ta a matsayin dokar soja mai lamba 105 ta 1993, yanzu kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Ta tanadi hukunci ga wanda ya ba da amsar ƙarya, yana sane, ga tambayar da ke cikin takardar rantsuwar shiga aiki.

Matakin da mutum yake a kai lokacin da asirinsa ya tonu shi ke nuna hanyar da za a bi. Wanda aka gano tun wurin tantancewa cire sunansa kawai ake yi, ya koma gida. Wanda ya riga ya yi rantsuwa kuwa dokar soja ta hau kansa. Ana iya gurfanar da shi gaban kwamandansa a yi masa shari'ar gaggawa, wadda ita aka fi yi wa ƙananan sojoji. Ana iya kai shi kotun soja idan laifin ya yi nauyi, misali an haɗa da takardun jabu ko safarar ƙwaya cikin bariki. Ana kuma iya sallamarsa ta hanyar gudanarwa, ba tare da shari'a ba, da izinin hukumar rundunar. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Kora hukunci ce, tana tafe da tabo, tana iya cinye haƙƙoƙin ƙarshen aiki. Sallama ta gudanarwa ba hukunci ba ce a idon doka, amma dalilin da aka rubuta a takardar yana iya rufe wa mutum ƙofar aikin ɗan sanda, kwastan, shige da fice da sauran ayyukan kaki, domin dukkansu suna tambayar ko an taɓa korar mutum daga aikin gwamnati.

Kafin a ce an yi yaudara, abubuwa huɗu ne ya kamata su tabbata: an yi tambayar, an ba da amsar da ba gaskiya ba, mai amsar ya san ba gaskiya ba ce, kuma abin da aka ɓoye yana da nauyin da zai hana ɗaukar aiki. Na ukun ne fagen da aka fi fafatawa. Leburan da ya sha tiramol a matsayin maganin gajiya, aka tambaye shi da Turanci cikin kalmar da ya ɗauka tana nufin hodar ibilis, yana da abin faɗa. Wanda aka taɓa kwantar da shi a gidan gyaran hali, ko NDLEA ta taɓa kama shi, ya ce bai taɓa ba, ba shi da ta cewa.

Koke a cikin gida, sannan kotu

Najeriya ba ta da wata hukuma ta dindindin da aikinta kawai shi ne sake duba sallamar sojoji. Abin da ke akwai matakai ne, kuma ana hawa su ne bi da bi. Sashe na 178 da na 179 na dokar sun ba hafsoshi da ƙananan sojoji damar kai koke idan suna ganin an zalunce su. Ƙaramin soja yana farawa ne daga kwamandansa, idan kwamandan ne abin ƙara sai na gaba da shi, har koken ya kai hedikwatar rundunar a Abuja, gaban Babban Hafsan Sojojin Ruwa da majalisar gudanarwar rundunar. Hukuncin shari'ar gaggawa ana iya neman na sama ya sake duba shi, amma wa'adin yin hakan gajere ne ƙwarai. Hukuncin kotun soja kuwa ba ya zama tabbatacce sai hukumar da ke da ikon tabbatarwa ta amince da shi, daga nan ana iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli.

Wanda aka sallama ta hanyar gudanarwa, ko yake ganin ba a bi ƙa'ida ba wajen raba shi da aiki, yakan nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki a sashe na 254C. Babban makaminsa shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulkin, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci: a gaya masa tuhumar, a ba shi lokacin shiri, a nuna masa shaidar, a bar shi ya kare kansa. Kotunan Najeriya sun sha soke korar sojoji a kan wannan, ba don sun gamsu mutumin ba shi da laifi ba, sai don an yi gaggawar da ta tsallake doka.

Tarko biyu ne ke cin masu ƙara a nan, kuma suna jan mutum ɓangarori biyu masu karo da juna. Idan ya ruga kotu bai gama bin matakan cikin gida ba, lauyoyin rundunar za su ce ya yi azarɓaɓi. Idan ya zauna jiran amsar koke wata da watanni, za su ɗauko Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ce ƙarar da ake kai jami'i kan aikinsa a shigar da ita cikin wata uku. Kotuna sun yi saɓani kan ko wannan wa'adi ya shafi shari'ar aiki, amma mai hankali ba ya jingina makomarsa da saɓanin alƙalai. A al'adar gida kuwa, abin da aka fi yi idan an koro yaro shi ne a fara neman wani babba, tsohon hafsa ko ɗan majalisa ko mai sarauta, ya sa baki. Kafin a gama kai gaisuwa da jiran waya wa'adin ya wuce. Neman alfarma ba ya tsayar da lissafin kwanaki, rubutaccen koke mai kwanan wata da hatimin karɓa shi ne abin da kotu za ta nema.

Akwai wasu ƙofofin, sai dai ƙarfinsu bai kai yadda ake zato ba. Kwamitocin koke-koken jama'a na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna sauraron korarrun sojoji, suna kiran hafsoshi su yi bayani, amma abin da suke fitarwa shawara ce. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, dokarta ta hana ta shiga abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja.

An taɓa yin sake dubawa mai faɗi a rundunar sojan ƙasa. A 2015, bayan korar dubban sojoji kan laifuffukan da suka shafi yaƙin Arewa maso Gabas, an kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Adeniyi Oyebade, aka kuma mayar da soja 3,032 bakin aiki. A Disambar shekarar aka sassauta hukuncin kisa da aka yanke wa soja 66 zuwa ɗaurin shekara 10. A Yunin 2016 kuma aka yi wa manyan hafsoshi 38 ritayar dole, wasunsu suka je Kotun Ma'aikata suka yi nasara bisa hujjar cewa ba a saurare su ba, ko da yake aiwatar da hukuncin ya zama wani dogon ja-in-ja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi ƙwaya, amma sun nuna yanayin abin: sake dubawa a Najeriya takan zo ne ko dai da shawarar shugabanni a wani lokaci na musamman, ko da ƙarfin kotu bayan shekaru. Kurtun da aka sallama shi kaɗai, ba shi da lauya, ba shi da jarida a bayansa, da wuya ya samu ko ɗaya.

Tsarin Amurka

A Amurka an mayar da sake dubawa aikin yau da kullum. Tun 1944 doka ta wajabta wa kowace runduna ta kafa hukumar sake duba sallama. Ta sojojin ruwa tana zama a birnin Washington, tana duba ta mayaƙan kundumbala na ruwa ma, kuma tsohon soja yana da shekara 15 daga ranar sallama ya nemi a duba tasa. Yana iya neman a duba takardu kawai, yana iya neman ya bayyana da kansa tare da lauya. Sallamar da babbar kotun soja ta yanke ce kawai ba ta shiga huruminta. Akwai kuma hukuma ta biyu, ta gyaran bayanan aiki, wadda farar hula ke zama a cikinta, ikonta kuma ya fi faɗi.

Takardar sallama a can tana da daraja hawa-hawa: ta girmamawa, ta gama-gari, wadda ba ta girmamawa ba, sai biyu na hukunci da kotun soja kaɗai ke bayarwa. Wanda aka sallama a farkon shigarsa, wanda a da ake lissafa shi da kwana 180 na farko, yawanci ba a ba shi ko ɗaya daga ciki, sai a rubuta cewa bai daɗe ba har a auna aikinsa. A nan da yawa daga masu ɓoye shan ƙwaya suke faɗawa, domin a sansanin horo na Great Lakes a jihar Illinois ana gwada fitsarin kowa cikin kwanakin farko, ana kuma tara sababbin kurata a ba su dama ta ƙarshe su faɗi abin da suka ɓoye. Abin da ke damun su daga baya shi ne dalilin da aka rubuta, wato shiga da yaudara, da lambar da ke hana su sake shiga soja.

Hukumar tana auna abu biyu: ko an bi doka da ƙa'ida, da kuma ko hukuncin ya yi adalci idan aka kwatanta da na wasu masu irin laifin. Tana farawa ne da ɗaukar cewa jami'an gwamnati sun yi aikinsu daidai, mai koke ne zai kawo shaidar akasin haka. Tana wallafa hukunce-hukuncenta bayan an cire sunaye, kuma mai karanta su zai ga hujja guda tana ta dawowa: jami'in ɗaukar aiki ne ya ce in yi shiru. Wani lokaci gaskiya ne, domin jami'an suna da adadin da ake so su cike. Amma in babu shaida hujjar ba ta wucewa, tunda mai koken ya sa hannu a takardun da suka gargaɗe shi. Haka nan ba a sauya takarda don kawai shekaru sun wuce ko don mutum yana neman aiki.

Babban bambancin tsarin nasu yana tun bakin ƙofa. Wanda ya faɗi gaskiya cewa ya taɓa shan wiwi ba lalle ne a ƙi shi ba, akwai hanyar yafewa a rubuce gwargwadon irin abin da ya sha da yawansa. A 'yan shekarun nan ma, da ƙarancin masu shiga soja da kuma halatta wiwi a jihohi da dama, rundunar ta faɗaɗa yafewar har ga wasu da gwaji ya kama a sansanin horo. Wannan ne ya sa hukunta mai ƙarya yake da ma'ana: an ba shi hanyar gaskiya ya ƙi bi. Inda masu nema suka ninka gurabe sau da yawa, kamar Najeriya, saurayi ya san kalmar "na taɓa" ita ce ƙarshen tafiyarsa, don haka kusan kowa "ban taɓa ba" yake cewa, mai gaskiya da maƙaryaci. Tambayar da amsarta guda ce a bakin kowa ba ta tace kowa, amfaninta kawai ta zama hujjar kora daga baya.

Abin da koke ke buƙata

Koken da ke da damar nasara takardu ne ke ɗauke da shi, ba magiya ba. Ana buƙatar takardar sallamar ko saƙon da aka sanar da ita, da kwafin fom ɗin da aka cike tun farko, da takardar tuhuma da bayanin zaman shari'a idan an yi, da sakamakon gwajin tare da sunan ɗakin binciken da ya tabbatar da shi. Idan akwai maganin da likita ya rubuta a lokacin, katin asibiti da takardar maganin sun fi rantsuwar mutum goma. Shi ya sa yake da kyau mai neman aikin ya ajiye kwafin duk abin da aka buga masa a shago, ya kuma sa a karanta masa kafin ya sa hannu.

Sai kuma a san abin da ake roƙo. Mayarwa bakin aiki ita ce mafi wuya, musamman ga wanda ya amsa da bakinsa cewa ya ɓoye. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a mayar da kora ta zama sallama, ko a gyara dalilin da aka rubuta, ko a biya albashin da aka riƙe. Shaidar gyaruwa, irin su takardar kammala jinya daga asibitin ƙwaƙwalwa ko cibiyar NDLEA, sakamakon gwaji mai tsabta a lokuta dabam-dabam, da wasiƙar mai unguwa ko shugaban wurin aiki, ba ta goge ƙaryar da aka yi, amma tana taimakawa inda ake neman sassauci.

Masu tsaya wa yaro su ma abin ya shafe su. Mai unguwa ko babban ma'aikaci ko hafsan da ya sa hannu a takardar lamuni ya shaida ne cewa ya san halin mai neman aikin, kuma ana iya kiransa ya yi bayani idan abin da ya shaida ya zama ƙarya. Wanda aka sallama kuma ya sake neman shiga wata rundunar, ya ɓoye sallamar farko, ya aikata sabon laifin shiga da yaudara, wanda gano shi ya fi na farko sauƙi yanzu da ake haɗa kowace takardar neman aiki da lambar shaidar ɗan ƙasa da hoton yatsu.